ƘARAR KUNNE WADDA BA TA DAINAWA

   

Zancenmu na yau a kan wata wahala ne wadda ido ba ya gani. Mai gyambo kowa yana ganin gyambonsa, ana yi masa sannu. Mai karaya kuma ana ganin ɗaurinsa. Amma akwai mutumin da ya ke zaune tare da ku a rumfa, yana auna hatsi, yana ƙirga kuɗi, yana amsa gaisuwa, alhali kuwa cikin kunnensa akwai wata ƙara da ba ta barinsa dare da rana. Wani ya ce kamar kukan gyare ne. Wani ya ce kamar ƙudan zuma. Wani ya ce kamar fito, ko iskar hunturu, ko ruwa yana tafasa a tukunya. In ya tambayi na kusa da shi, "Kana jin abin nan?" sai a ce masa, "Wane abu?" Daga nan sai ya yi shiru, ya ci gaba da shan wahalarsa shi kaɗai.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kai ne, ko ke ce, to, matso kusa da rediyo. In kuwa ba ka da wannan ciwo, kada ka tashi, gama wataƙila mahaifinka yana da shi, ko matarka, ko yaron da ya ke tsare maka injin niƙa.

BA KAI KAƊAI BA NE

Kusan kowa ya taɓa jin kunnensa ya yi ƙara na ɗan lokaci kaɗan, kāna ta wuce. Mutanenmu su kan ce wai ana zancenka ne a wani wuri. Wannan irin ba ta da komi. Wadda mu ke magana a kanta ita ce wadda ta zo ta zauna, ta yi wata shida ko fiye ba ta tafi ba. Likitoci suna kiranta tinitus.

A shekara ta 2022 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, suka lissafta. Suka tarar cikin manyan mutane 100, wajen 14 suna da ƙarar kunne, watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai. A duniya duka sun fi mutum miliyan 740. Waɗanda abin ya tsananta musu ƙwarai kuwa wajen 2 ne cikin 100. Ka duba layin rumfunanku. In akwai mutum 70, to, ba mamaki wajen 10 daga cikinsu sun san abin da na ke faɗi. Ka lura kuma da wannan lissafi: masu ƙarar suna da yawa, amma waɗanda ta hana su sakat kaɗan ne. Yawancinsu sun sami hanyar zama da ita. Wannan hanya ce na ke so mu bi tare yau.

DAGA INA ƘARAR TA KE FITOWA?

Sai mu fara sanin yadda kunne ya ke aiki. Abin da mu ke gani a waje ƙofa ce kawai. In murya ta shiga, sai ta bi rami ta bugi wata fata siririya mai kama da fatar kalangu, wadda mu ke kira dodon kunne. Bayan fatar nan akwai ƙasusuwa 3, su ne mafi ƙanƙanta cikin jikin ɗan Adam duka. Su ke miƙa motsin zuwa wani ɗan ɗaki can ciki, mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Cikin ɗakin nan akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, wajen 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa sai su rausaya, su aika da saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce ta ke cewa, wannan muryar ɗana ce, wannan kukan jaki ne, wannan ƙahon mota ne.

To, 'yan gasun nan kamar ciyawar bakin rijiya su ke. In an taka ta sau ɗaya ta kan kwanta ta sāke tashi. In ana takawa kullum sai ta mutu, wurin ya zama fili. Amma ciyawa ta kan sāke tsirowa da damina, gasun kunnen mutum kuwa in sun mutu ba su sāke fitowa.

Sa'ad da waɗansunsu suka lalace, saƙon da ya ke isa ƙwaƙwalwa sai ya ragu. Me ƙwaƙwalwa za ta yi? Sai ta yi abin da kai ka kan yi in tashar rediyo ta yi nisa: ka murɗa, ka ƙara murya. Da ka ƙara kuwa sai ka ji shuuu ɗin nan na cikin akwatin kansa. Haka ƙarar kunne ta ke ga yawancin mutane. Motsin jijiyoyin jinka ne da kansu ka ke ji, domin ƙwaƙwalwa ta ƙara murya tana neman abin da ya ɓace mata.

Ga wani abin mamaki. A shekara ta 1953 waɗansu masana biyu a Amurka, Heller da Bergman, suka ɗauki mutum 80 masu lafiyar kunne, suka shigar da su wani ɗaki da aka gina yadda ko motsi ba ya shiga daga waje. Kowa ya yi minti 5 a ciki. Da aka tambaye su, kashi 94 cikin 100 suka ce sun ji ƙara, wani fito, wani gunji, irin dai wadda masu wannan ciwo su ke ji. Ashe ƙarar nan tana kwance cikin kan kusan kowa, hayaniyar duniya ce ta ke rufe ta.

Saboda haka ka kwantar da ranka. Ba hauka ba ne ya ke kama ka. Ba iskoki ba ne su ke kiranka, ba kuwa sammu aka yi maka ba. Abu ne na jiki, yana da dalili kamar yadda ciwon haƙori ya ke da dalili.

ABUBUWAN DA SU KE KAWO TA

Na fari, kuma mafi yawa a cikinmu mutanen kasuwa, shi ne hayaniya mai ƙarfi. Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da a ke kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu ta kan kai wajen 60. In ƙara ta kai 85, kunne ba ya jure mata fiye da awa 8 a yini ba tare da ɓarna ba. In ta hau zuwa 88, sai awa 4. In 91 ce, awa 2. In 94, awa ɗaya. In ta kai 100 kuwa, minti 15 kaɗai. Injin niƙa da na markaɗe sau da yawa su kan wuce 90, ga shi kuwa yaro ya kan tsaya a gindinsu tun safe har la'asar. Haka masu bugun ƙarfe da tukwane irin na kasuwar Katako a Yamai, da makanikai da masu walda irin na Suame a Kumasi, da maƙera, da masu yankan katako, da mai rumfar da janareta ya ke ruri a bayansa, da wanda ya kan zauna a gindin lasifika wurin biki. Ga kuma samarinmu da su ke toshe kunne da abin sauraron waya, su ƙure murya. Ba ka bukatar na'ura kafin ka gane. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ya ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji ka, to, wurin yana cin kunnenka.

Na biyu, tsufa. Yadda ido ya kan rage gani, haka kunne ya kan rage ji, ƙara kuwa ta kan biyo baya.

Na uku, dauɗar kunne in ta taru ta toshe rami, ko ciwon kunne mai fitar da mugunya, ko mura mai toshe kunne. Waɗannan suna da magani, in an yi musu kuwa sau da yawa ƙarar ta kan tafi.

Na huɗu, magunguna. Duk wanda ya taɓa shan kwinin domin zazzaɓin cizon sauro ya san yadda kunne ya kan yi. Asfirin ma in an sha da yawa haka ya ke yi. Waɗannan biyu yawanci ƙararsu ta kan wuce bayan an gama sha. Amma akwai waɗansu allurai masu ƙarfi, kamar jentamaisin da sitireftomaisin da kanamaisin, waɗanda su kan kashe gasun kunne har abada in ba a auna su daidai ba. Saboda irin wannan ɓarna, da waɗansu dalilai, a shekara ta 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye kanamaisin daga magungunan da ta ke ba da shawara a yi wa masu tarin fuka mai taurin kai. To, yaya mutum zai miƙa jikinsa ga mai allurar bakin kasuwa, wanda bai san awo ba? Amma ku ji ni da kyau: in likita ne ya ba ka magani, kāna ka ji kunnenka ya fara ƙara, kada ka daina sha da kanka. Ka koma wurinsa ran nan ka gaya masa, shi zai san abin yi.

Na biyar, waɗansu cututtuka na jiki: hawan jini, ƙarancin jini, bugu a kā kamar na faɗuwa daga babur, ciwon muƙamuƙi, da sanƙarau, wanda ya kan bar mutum da kurumta bayan ya warke.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Yawancin ƙarar kunne ba ta da hatsari ga rai. Duk da haka akwai alamu waɗanda in ka gan su, sai ka rufe rumfa ka nufi asibiti. Ku riƙe su:

In kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu ko uku. Wannan na gaggawa ne. Akwai maganin da ya kan taimaka in an fara shi cikin kwanakin fari, amma in makonni sun wuce amfaninsa ya ragu ƙwarai.

In ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, dum, dum, dum. Wannan ta kan nuna zancen jini ne ko jijiyar jini, sai an auna.

In a kunne ɗaya ne kaɗai, ta kuwa daɗe.

In tana tare da jiri mai tsanani, har ƙasa tana juya maka, ko amai.

In gefen fuska ya saki, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu.

In kunne yana zubar da mugunya ko jini, ko kuwa ƙarar ta fara ne bayan an bugu a kā.

Ko ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan, ya kamata a duba ka sau ɗaya. Ka fara da asibitin da ya ke kusa da kai, a leƙa kunnen da fitila, a auna jininka. In da hali a tura ka wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a kan samu a manyan asibitocin birane, a gwada ƙarfin jinka da na'ura. Gwajin ba shi da zafi. Za a sa maka abu a kunne, ka riƙa nuna alama duk sa'ad da ka ji ɗan sauti. Ka tafi da kwalayen magungunan da ka ke sha duka, har da na gargajiya, ka nuna.

TSORO SHI NE ITACEN WUTAR

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. A ce an duba ka, likita ya ce ba wani mugun abu, amma ƙarar tana nan. Zan gaya muku gaskiya, gama ba na so in ruɗe ku. Har wa yau ba a sami ƙwaya ko allura ko ɗigon da zai kashe irin wannan ƙara ga kowa ba. Amma ƙara dabam, wahalar ƙara dabam. Wahalar tana da magani.

Ku yi tunani a kan wannan misali. Kana kwance da tsakar dare, sai ka ji motsi a bayan ɗaki, ƙwas, ƙwas. Zuciyarka ta ce ɓarawo ne. Barci ya gudu. Ka kasa kunne, kowane ɗan motsi sai ya zama kamar tsawa. Ka ɗauki tocila ka leƙa, ashe akuya ce ta ke cin dusa. Ka koma ka kwanta. Akuya ba ta daina motsi ba, amma kafin a jima ka yi barci. Me ya sāke? Motsin yana nan yadda ya ke. Fassarar da zuciyarka ta yi masa ita ce ta sāke.

Ga wani kuma. Baƙon da ya sauka a gidan da ya ke bakin tasha, daren fari ba ya runtsawa saboda motoci. Mai gidan kuwa, wanda ya shekara 10 a wurin, in ka tambaye shi sai ya ce, "Wace ƙara?" Kunnensa lafiya lau. Ƙwaƙwalwarsa ce ta koyi cewa ƙarar mota ba ta shafe shi ba, sai ta ture ta gefe. Amma matarsa, cikin wannan hayaniya duka, in jaririnta ya yi ɗan kuka a ɗaka nan da nan za ta ji. Ƙwaƙwalwa mai tsaron ƙofa ce. Abin da ta ɗauka muhimmi ne ko mai hatsari, shi ta ke shigarwa gaba. Sauran ta bar su a waje.

A shekara ta 1990 wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya bayyana cewa haka abin ya ke ga ƙarar kunne. In mutum ya ji ta, ya ce a ransa, "Shi ke nan, zan kurumce, zan haukace, an gama da ni," sai mai tsaron ƙofar nan ya ɗauke ta ɓarawo ce. Sai ya riƙa kasa kunne gare ta dare da rana. Yawan sauraro ya sa ta ƙara fitowa fili, fitowarta ta ƙara tsoro, tsoro ya hana barci, rashin barci ya sa jiki ya gaji, gajiya kuma ta sa ƙarar ta yi nauyi. Haka abin ya ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. In an kwance igiyar tsoro, sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta kan mai da ƙarar cikin abubuwan da ba ta kula da su, kamar rigar da ta ke jikinka yanzu, wadda ba ka ji nauyinta ba sai da na ambace ta.

Likitocin zamani suna da hanyar koya wa mutum wannan ta wurin zama da shi ana tattaunawa, ana gyara tunanin da ya ke yi game da ƙarar da abin da ya kan yi in ta taso. Cikin dukan hanyoyin da aka gwada, wannan ita ce bincike ya fi tabbatar da amfaninta wajen rage wahala. In akwai mai wannan aiki a asibitinku, ka neme shi. In babu, ga abubuwan da za ka iya farawa da kanka tun daren yau.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA KA YI

Na ɗaya, kada ka zauna cikin shiru ƙurmus. Fitilar aci-balbal cikin ɗaki mai duhu ta kan cika ido, amma ka fito da ita tsakar rana da ƙyar za ka ga harshenta. Haka ƙarar kunne ta ke, shi ya sa ta fi damunka da dare. Ka sa wani ɗan sauti mai laushi kusa da kai: fanka, ko rediyo ƙasa ƙasa, ko sautin ruwan sama wanda yaranka za su iya sa maka cikin waya. Kada ka ƙure shi don ya danne ƙarar. Ka bar shi daidai inda za ka riƙa jin su biyu suna gauraya, gama ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da abin da aka ɓoye mata sarai.

Na biyu, ka daina gwada ta. Waɗansu da sun farka sai su kasa kunne su ji ko tana nan, ko ta ƙaru. Wannan kamar mai tone shuka ne kowace safiya don ya ga ko ta yi saiwa. In ka ji ta, ka ce a ranka, "Akuyar nan ce," ka koma kan abin da hannunka ya ke yi.

Na uku, ka tsare barcinka. Ka riƙa kwanciya da tashi a kan lokaci ɗaya. Ka bar goro da shayi mai kauri da kofi tun daga la'asar, domin su kan kori barci. In ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta juyi kana faɗa da ƙarar. Ka tashi zaune, ka yi wani abu mai sauƙi, sai ka ji barci kāna ka koma.

Na huɗu, ka koyi saukar da jiki. Ka zauna, ka saki kafaɗunka da muƙamuƙinka. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Ka yi haka minti 5, safe da dare, da duk lokacin da ka ji ranka ya fara tashi. Masu wannan ciwo da yawa sun lura ƙararsu ta kan hau ran da ciniki ya ɓaci ko aka yi faɗa a gida.

Na biyar, ka tsare abin da ya rage na jinka. Rigakafi ya fi magani. In aikinka na inji ne ko na bugun ƙarfe, ka nemi abin toshe kunne na roba ko na soso, irin wanda ma'aikatan masana'anta su ke sawa. Ba shi da tsada. Auduga ba ta tare ƙara sosai. Ka fitar da janareta nesa da inda ka ke zama. Ku masu injin niƙa, ku riƙa canza yaranku, kada yaro ɗaya ya yini a gindin inji. Hakkinsa yana wuyanku. Ku samari, muryar waya kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta. Amma kada mutum ya toshe kunnensa a wurin da ba hayaniya, a gida ko wurin hira, gama wannan ya kan sa ƙarar ciki ta ƙara fitowa.

Na shida, in gwaji ya nuna jinka ya ragu, ka karɓi na'urar taimakon ji in ka sami hali. Ba abin kunya ba ne, kamar tabarau ne ga ido. In muryoyin duniya suka komo, ƙwaƙwalwa ta kan rage neman da ta ke yi, mutane da yawa kuwa sun sami sauƙin ƙarar ta haka.

Na bakwai, kada ka janye daga mutane. Ka je kasuwa, ka je gona, ka je suna da biki, sai dai ka zauna nesa da lasifika. Wanda ya kulle kansa a ɗaka ya bar wa ƙarar fili ita kaɗai.

Kada ka sa ran ganin canji cikin kwana bakwai. Abin ya kan ɗauki watanni, wani ma har shekara ɗaya ko biyu. Za a yi ranaku masu kyau, a yi marasa kyau. Alamar sauƙi ta fari ita ce ran da za ka tuna da yamma cewa tun hantsi ba ka lura da ita ba. Sannu ba ta hana zuwa.

KU YI HANKALI DA MASU TALLA

Kun san su, masu lasifika a kan mota ran kasuwa, kwalba ɗaya tana maganin cuta 40. Mai wahala ba ya ƙin jin an ce ga waraka, shi ya sa kuɗin mutane su ke ƙarewa a wurinsu. Har a ƙasashen Turai ana sayar da ƙwayoyin wani ganye mai suna ginko da sunan maganin ƙarar kunne, amma da aka gwada su ba a ga sun fi ƙwayar banza ba. Ina roƙonku, kada ku ɗiga wa kunne ruwan ganye, ko man fetur, ko kananzir, ko ruwan albasa. In dodon kunne ya huje, abin zai wuce ciki ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kada kuma ku sa tsinken ashana ko gashin kaza ko ƙusa. Tsinke ya kan tura dauɗa ciki ne, wani lokaci ya huda fatar. In kunne ya toshe, a asibiti a ke wanke shi.

MAGANA GA IYALI DA MAƘWABTA

Uwargida, in maigida ya ce kunnensa yana ƙara, ki yarda da shi ko da ba ki ji ba. Maigida, haka kai ma ga matarka. Kada a ce masa raki ne, kada a yi ta raɗa ana cewa ya fara taɓuwa. In za ku yi masa magana ku fuskance shi, ku yi a hankali, ba sai kun yi ihu ba. In ya yi saurin fushi, ku tuna wataƙila bai yi barci ba.

Akwai kuma wanda abin ya kan kai shi ga baƙin ciki mai zurfi, ya daina cin abinci, ya daina fita, har ya ce gara mutuwa da wannan. In kun ji irin wannan magana kada ku ɗauke ta wasa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku kai shi asibiti ran nan, gama baƙin ciki irin wannan ciwo ne mai magani. Kai kuma mai wahala, in tunanin nan ya zo maka, ka faɗa wa wani yau, kada ka kwana da shi.

Wani ya kan tambaya, "Ko Allah yana fushi da ni ne?" Ɗan'uwa, ciwo ba shaidar fushi ba ne. Martin Luther na ƙasar Jamus, tun daga shekara ta 1527 ya yi ta fama da ƙugin kunne da jiri. A zamaninsa ba wanda ya san zancen gasun kunne, shi kansa ya ɗauka Shaiɗan ne ya ke dukansa. Duk da haka cikin wannan hali ya ci gaba da koyarwa, shi da abokan aikinsa suka gama juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa Jamusanci a 1534, ya kuwa rayu har 1546. Mu da aka ba mu sanin da shi bai samu ba, ba mu da dalilin yanke ƙauna. Ka yi addu'a, ka kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

To, jama'a, lokacinmu ya yi. Ga abin da za ku riƙe. A duba kunnen sau ɗaya, da gaggawa in akwai alamun nan da na lissafta. A tsare shi daga hayaniya da tsinke da allurar kasuwa. Kada a zauna cikin shiru, kada kuma a yi ta sauraron ƙarar. A ba ta lokaci. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman masu injin niƙa da maƙera da tsofaffinmu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, ya ba mu barci mai daɗi a daren nan. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku kwana lafiya.